Kafin a yi wa kwamfutar gidanku fomatin

Rubutun yau da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Mai sauri ya ajiye shi ya dawo bayan isha'i. Amma in dai akwai kwamfuta a gidanku, ko da tsohuwar nan ce da aka lulluɓe da zani a lungun falo, to maganar ta shafe ku.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, manhajar da ta fito a 2015, wadda har gobe ita nake gani a kan yawancin kwamfutocin gidaje da shagunan buga takardu. Ma'ana, an daina turo mata gyaran tsaro na wata-wata, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin da suka bayar. Kwamfutar ba ta mutu ba, za ta kunnu ta yi aikinta kamar jiya. Amma kun san mu da labari, kafin ya zaga gari an ƙara masa gishiri. Mutane na ta kinkimar kwamfuta zuwa wurin masu gyara a ɗora musu Windows 11, alhali da yawa cikin na hannun da muke saye ba su ma cika sharuɗɗanta ba: tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a na'urorin Intel galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Shi kuwa mai gyara, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya share komai ya ɗora sabuwa. Cikin awa ɗaya ya gama ya karɓi kuɗinsa. Sai ka isa gida ka tuna hotunan ɗaurin aurenka da na sunan ɗanka na fari a ciki suke.

Abin da nake son faɗa a taƙaice shi ne, hoton da aka goge daga kwamfuta sau da yawa yana nan da ransa. Abin da ke ƙarasa shi shi ne abin da mutanen gida suka yi a sa'o'in farko bayan sun gane ya ɓace: ruɗewa, danne-danne, a sauko da wannan manhaja, a gwada waccan. Na ga haka da idona a gidanmu.

A falon Yayanmu akwai wata kwamfutar tebur ta hannu da ta fi shekara goma a wurin. Ita ce rumbun hotunan zuri'armu gaba ɗaya. Duk biki, duk suna, duk Sallah, in an watse sai a kawo kyamara da wayoyi a juye a cikinta, saboda gidan Yaya ne gidan taro tun rasuwar Baba, kuma can Hajiyarmu ta yi shekarunta na ƙarshe. Hotunan dawowarta daga Makka suna ciki. Hotunanta da kowane jika ranar sunansa suna ciki. Hajiya ba mai son hoto ba ce, sai an yi ta lallashi tana cewa mu ƙyale ta da tsufanta, shi ya sa waɗanda aka samu ba su da yawa. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan naku da suka riga mu.

Wata rana aka ɗauke wuta kwamfutar na tsakar aiki. Daga nan ta fara tsayawa a tambarin Windows, ta yi ta juyi ba ta shiga. Babban ɗan Yaya, saurayi mai ƙoƙari da ke son ya hutar da mahaifinsa kuɗin gyara, ya nemo bidiyo a YouTube ya bi shi daki-daki. Ya fara gwada System Restore, ta ƙi. Sai ya gangara zaɓi na gaba ya danna. Kwamfuta ta yi abin da za ta yi, ta tashi tas kamar ranar da aka sayo ta. Yaro ya yi murna. Sai da mahaifiyarsa ta ce ya buɗo mata hoton Hajiya za ta tura wa wata 'yar uwa, ya shiga folda ya tarar da ita wayam.

Yaya ya kira ni gab da magariba. Rabon da in ji muryarsa haka tun ranar jana'iza.

"Kana ina? Hotunan Hajiya babu. Yaron nan ya goge komai."

Na ce, "Yaya, kwamfutar tana kunne yanzu?"

Ya ce tana kunne, yaron yana kanta tun ɗazu yana sauko da manhajar dawo da hotuna, ta uku kenan yake gwadawa.

Na ce, "Don girman Allah Yaya, a kashe ta yanzun nan, a zare wayarta daga bango. Kada kowa ya sake taɓa ta har in zo. Kuma kada a yi masa faɗa, alheri ya nufa."

Da na isa, abin da na fara tambayar yaron shi ne me ya danna takamaimai. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baffa, wallahi mai bidiyon cewa ya yi ba ya taɓa hotuna." Kuma gaskiya mai bidiyon ya faɗa, sai dai shi a kan abu na farko yake magana, yaron kuma na biyu ya danna. A nan mutane da yawa ke afkawa, domin abubuwa uku ne daban-daban da mu a bakinmu duk "an mayar da ita sabuwa" muke ce musu.

Na farko shi ne System Restore, wanda yake cikin Windows tun shekarar 2000. Aikinsa ya mayar da saitin Windows da manhajoji yadda suke a wata rana da ta wuce. Ba ya goge hotuna da takardunka, ba ya kuma dawo da waɗanda ka goge. Na biyu shi ne Reset this PC, wanda ke sake zuba Windows daga tushe, kuma sai ya tambaye ka ɗaya cikin biyu: Keep my files, wato a bar maka kayanka, ko Remove everything, wato a kwashe komai. Na uku shi ne na masu gyara, a sa filas a yi wa faifan fomatin a ɗora sabuwar Windows. Yaronmu Remove everything ya danna, a tunaninsa matsalar ce za a kwashe gaba ɗaya.

Saboda haka in na farkon aka yi wa taka, kwantar da hankalinka, da wuya a ce hotunan sun tafi. Abin da ya fi faruwa shi ne Windows ta kasa buɗe asusunka, sai ta shigar da kai wani na wucin gadi mai fuska wayam. Shiga faifan C, buɗe foldar Users, ka duba sunayen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa kayanka na nan ƙarƙashin tsohon sunan. In kuma sabuwar Windows aka ɗora a kan tsohuwa ba tare da fomatin ba, nemi folda mai suna Windows.old a cikin C ɗin, tsohon gidanka yana ciki. Amma ka hanzarta, don bayan an ɗaga kwamfuta zuwa sabuwar Windows, ita da kanta take share foldar in an kwana 10. Leƙa kwandon shara, leƙa faifan D in akwai, leƙa OneDrive in an taɓa haɗa ta da shi. Dubawa kawai za ka yi, da filas a hannu don kwashe abin da ka gani. In minti goma suka wuce ba ka ga komai ba, kashe ta.

Me ya sa nake ta nanata a kashe? Ku ɗauki faifan ajiyar kwamfuta kamar babban sito irin na kasuwar Dawanau. Ga buhuna jibge, ga kuma littafin magatakarda da aka rubuta buhun wane yana layi kaza. In ka goge hoto, kwamfuta ba ta zuwa ta ɗauke buhun. Littafin kawai take buɗewa ta soke sunan, ta rubuta wurin nan babu kowa. Buhun yana nan har ranar da sabon kaya ya iso aka buƙaci wurin. Fomatin na gaggawa kuwa, wanda masu gyara suka fi yi, sabon littafi ne fari fat aka kawo aka yar da tsohon. Sito cike maƙil, littafi ya ce babu komai.

To ita kwamfuta da littafin take aiki, kuma muddin tana kunne ba ta daina sauke kaya. Tana sabunta kanta ta intanet, tana ajiye tarkacen shafukan da ka buɗe, kowace manhaja ka sauko sai an nema mata wuri. Ina za a sa su? Inda littafi ya ce babu kowa. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun sani, in ka ɗauki wa'azi a kan waƙa, waƙar ta tafi kenan, duk gwanintar mutum ba zai fito da ita ba. Haka hoton da aka rubuta wani abu a kansa. Manhajoji ukun da yaronmu ya sauko don ceton hotuna, a sito ɗin da hotunan suke suka sauka.

Ga abin da muka yi. Washegari na kwance kwamfutar na ciro faifan, wanda masu gyara ke ce wa had dis, mai gigabayit 500, irin tsohon nan mai juyawa da in ka kara kunne za ka ji motsinsa. Sa'armu ta farko kenan. Sabuwar Windows abin da take ci bai wuce gigabayit 20 zuwa 30 ba, sauran filin ba ta kai gare shi ba tukuna. Sa'a ta biyu, a cikin Remove everything akwai wani ƙarin zaɓi na a bi faifan a wanke shi tas, wanda aka yi don mai son sayar da kwamfuta, kuma yaron bai kunna shi ba. Da ya kunna, da yau jaje kawai za ku yi mana.

Na sa faifan a ɗan akwatin nan da ke mayar da shi kamar filas, na jona a laftof ɗina, na kuma aro wani faifan mai terabayit 1 wurin aboki. Doka a nan guda ce: ba a rubuta ko ƙwayar zarra a kan faifan da ake ceto. Manhajar ceton a wata kwamfutar za ta zauna, abin da aka ceto kuma a wani faifan za a zuba.

Na fara da Recuva, mai sauƙin sarrafawa, akwai ta kyauta. Ta fi amfani in akwai sauran tsohon littafin magatakarda, don takan dawo da hoto har da sunansa da foldarsa. A wurinmu kaɗan ta samo da suna. Sai na koma PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta, ita ma kyauta, tare take zuwa da 'yar uwarta TestDisk. Fuskarta ta asali baƙin allo ne da rubutu, babu kyan gani, amma ita ba ruwanta da littafi. Sito take shiga ta bi buhu-buhu tana dubawa. Kowane irin fayil yana da hatimin da yake farawa da shi. Hoton JPEG, irin wanda kyamara da yawancin wayoyi ke ɗauka, da FF D8 FF yake farawa. Duk inda ta ga hatimin sai ta kwaso daga nan har ƙarshensa. Na saita ta ta nemi hoto da bidiyo kawai don kada ta cika mana faifai da shirgi.

Kwana aikin ya yi. Sai da na kai kayan gidan wani maƙwabci mai sola don kada wuta ta katse mu. Da safe muka tarar da fayil dubbai, an zuba su ɗari biyar-biyar a foldoji masu suna recup_dir.1, recup_dir.2, haka har ƙasa, kowane hoto sunansa harafin f da jerin lambobi. Babu "Sunan wane", babu "Babbar Sallah". Mafi yawansu ma tarkace ne: tambarin manhajoji, hotunan talla, 'yan ƙwallon da yara suka taɓa kallo shekarun baya.

Dabara biyu suka rage mana aiki. Muka jera su bisa nauyi, muka ware duk wanda bai kai kilobayit 100 ba gefe guda, don hoton kyamara ya fi haka nesa ba kusa ba. Sannan muka jera sauran bisa ranar ɗauka, domin kyamara tana rubuta rana da lokaci da sunanta a cikin hoton kansa, abin da ake kira EXIF, kuma wannan bayanin yana nan ko da sunan hoton ya ɓace. Nan da nan sai ga shekaru sun jeru. Ragowar aikin kuma na mutanen gida ne. Matar Yaya da ƙanwarmu suka zauna kwana uku suna cewa wannan atamfar ankon bikin wance ce, wannan jaririn wane ne, wannan kafin a yi wa falo fenti ne. Yaron shi ya riƙe linzami yana raba su folda-folda, ban ga ya tashi ba sai sallah.

Alhamdu lillahi, mafi yawa sun dawo. Hotunan Makka sun dawo cif. Na jikoki sun dawo, ban da na mutum biyu. Wasu sun dawo rabi, sama lafiya, ƙasa toka-toka, nan ne sabon kaya ya sauka. Akwai ɗaya da ke min ciwo har yau: Hajiya ta ɗaga hannu tana dariya, daga haɓarta zuwa ƙasa babu komai. Wasu kuma ɗan ƙaramin samfurinsu kawai muka samu, wanda kyamara ke liƙawa cikin babban, kamar kan sarki. A waya za ka gane mutum, amma ba ya wankuwa.

Bidiyo ne suka fi shan wuya, saboda babban fayil kwamfuta kan yanka shi gunduwa-gunduwa ta ajiye a wurare daban-daban, kuma littafin nan da aka soke ne kaɗai ya san wace gunduwa ke bin wace. Akwai wani na minti huɗu da aka ɗauka ranar ƙaramar Sallarta ta ƙarshe, ta tara jikoki tana kiran sunan kowa tana sa masa albarka. Fayil ɗin ya fito, nauyinsa ya nuna, amma duk abin da muka gwada ya ƙi buɗuwa. Daga baya yayarmu da ke aure a Zariya ta tono wani guntunsa na daƙiƙa talatin a tsohuwar wayarta, wanda aka taɓa tura mata ta WhatsApp. Hoton ya dushe, amma muryar Hajiya ce. Jikoki uku ne suka ji sunansu a ciki. Sauran sai dai mu ba su labari.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kowa zai yi irin sa'armu. Kwamfutocin yanzu, musamman laftof, yawancinsu SSD ne a ciki, faifan da ba ya juyawa, mai ɗan karen sauri. Shi yana da wani tsari da ake kira TRIM, wanda aka fara aiki da shi a Windows 7 ta 2009: da an soke suna a littafi sai a aika mai shara ya fitar da buhun, ba jira. A irin wannan, abin da aka goge galibi ya tafi cikin ƙanƙanin lokaci. Haka wayoyin zamani. Abin da ke cikinsu a kulle yake da mabuɗin sirri, in aka mayar da waya sabuwa mabuɗin ake lalatawa, duk wanda ya ce zai dawo maka da su da wata manhaja kuɗinka yake so. Abin dubawa a waya shi ne kwandon sharar ma'ajiyar hotuna, wanda a iPhone da Samsung yake riƙe hoto kwana 30. Sabbin kwamfutoci masu Windows 11 ma da yawa faifansu a kulle yake da BitLocker, mabuɗinsa lambobi 48 ne da ke ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka buɗe kwamfutar da shi. To wa ya buɗe maka asusun? In mai shago ne ya buɗe da imel ɗinsa, mabuɗin gidanka yana aljihun wani. Sannan in faifai yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas, ko ya faɗi ƙasa, wannan ciwon ƙarfe ne, manhaja ba ta maganinsa, kowace kunnawa ƙara masa rauni take. Kada a buɗe shi, kada a sa shi a firiza kamar yadda wasu ke faɗa, a kai wa masu aikin ceton bayanai na gaske.

Akwai wani gefen maganar da ya hana ni barci. Cikin abin da PhotoRec ta tono har da hotunan mutanen da ba mu taɓa gani ba: wasu Turawa a bakin teku, yara da karensu, kek da kyandir. Na mai kwamfutar na farko ne, kafin ta tsallako ruwa ta shigo kasuwarmu. Shi a ganinsa ya goge. Muka share su ba mu ci gaba da kallo ba. Amma ku juyo da abin kanmu. Kwamfuta nawa muka sayar, memori nawa muka bayar kyauta, da hotunan iyalinmu na cikin ɗaki babu mayafi, da hoton katin banki, da takardun fili? Duk abin da na yi don ceto hoton mahaifiyata, wani zai iya yi don tona asirin gidanka, da manhajar kyauta, a dare ɗaya. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta dawo da mutuncin da ya riga ya zaga WhatsApp. Don haka kafin ka sayar, yi amfani da zaɓin nan na wanke faifai tas, ko cikakken fomatin maimakon na gaggawa, wanda tun Windows Vista yake bin faifai yana rubuta sifili ko'ina. In gyara za ka kai, kwashe kayanka tukuna, ko ka ja kujera ka zauna a gabansa. Ku kuma 'yan uwa masu gyara, da yawanku mutanen kirki ne, na sani. Kwamfutar mutum amana ce, tamkar ya ba ka mabuɗin ɗakinsa. Kuma tambaya ɗaya kafin ka danna, "Alhaji, akwai abin da kake so a ciki?", ba ta cin minti guda.

Maganin dai kowa ya san shi, yin ne ke wuya: kada abu mai daraja ya zauna wuri guda. Masu ɗaukar hoto suna da wata ƙa'ida da wani Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata, wato 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gida. Namu yanzu ɗaya yana kwamfutar Yaya, ɗaya a faifan da ke gidana, ɗaya a Google Photos. Sai dai a san halin kowanne. Google gigabayit 15 yake bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Photos duk a ciki, kuma tun 1 ga Yuni 2021 ya daina ajiyar hotuna mara iyaka. Tun Disambar 2023 kuma yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Wannan ya shafi asusun mamatanmu kai tsaye, da na wanda ya manta kalmar sirrinsa alhali layin da ya yi rajista da shi ya mutu har an ba wani. Rubuta kalmar sirrin a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, ka sanar da mutum ɗaya da ka yarda da shi. WhatsApp da Facebook kuma matse hoto suke su rage masa nauyi. In kana son ɗan uwa ya samu na asali, a WhatsApp tura shi yadda ake tura takarda. Filas kuwa na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, kada a bar masa ajiyar shekaru, balle ga na jabu sun cika kasuwa.

Ta ƙarshe Yaya ne ya kawo ta. Da muka gama ya shiga ɗaki ya fito da tsohon albam ɗin Baba, hotuna baƙi da fari na shekarun 1970, gefensu ya yi ja amma kowa na nan tsaye da hularsa. Ya ce, "Ga wannan, shekara hamsin ba wuta ba caji." Muka zaɓi hotunan Hajiya talatin muka kai situdiyo aka wanke, kowane ɗa ya tafi gidansa da nasa kashin.

Roƙona gare ku kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya tambayi kansa: hotunan iyayena a ina suke, kuma wuri nawa? In amsar wuri ɗaya ce, yau ɗin nan a kwafa. Wanda tsofaffinsa ke raye, ya ɗauki muryarsu ko da ta minti biyu ce, ya tura wa 'yan uwa kowa ya ajiye. Wanda abin ya riga ya same shi, ya kashe kwamfutar, kada ya sauko da komai, ya rubuto a ƙasa wace iri ce da abin da aka danna. In sha Allahu zan amsa gwargwadon sanina, ko wani da ya fi ni sani cikinku ya amsa. Amma kada kowa ya tura wa kowa kalmar sirrinsa, har ni. A tura wa dangi, musamman gidan da yara ne ke riƙe da kwamfuta.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rasu, Ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana. Amin.